Kaset Na Goma Sha Bakwai

A ƙasan adakar Baffa Gidaɗo,
ƙarƙashin rasiɗan taki da tsohon katin asibiti,
na tarar da kaset ashirin da uku
ɗaure da robar taya.
Kowanne da lambarsa, da ajami, da jan biro.

Ya ce, "Shirye-shiryen da ne.
Na kama su kada iska ta tafi da su."

A Bajoga, a zamanin nan, ba shi da wayar haɗi.
Sai ya kanga rikoda da rediyo baki da baki,
kamar tattabara na ɗura wa ɗanta,
ya danna jan maɓalli,
ya zare mana ido.
Batir kuwa ya yini a kan kwano yana shan rana,
an ɗan tauna gindinsa don ya kai dare.

Na aro rikoda wurin Babayo mai gyara.
Na juya zaren da biro, na hure ƙura.

Na farko: shirin manoma,
wani yana koya wa duniya feshin auduga.
Na shida: wasan kwaikwayon daren Alhamis,
mai gadin nan da ɓarayi suka sace har tabarmarsa
yana rantsuwa idonsa biyu.
Baffa ya yi dariya tun kafin a zo wurin dariyar,
bakinsa na riga 'yan wasan.
Na tara: labarai daga nesa,
murya na nutsewa tana tasowa
kamar mai tsallaka Gongola da damina.

Sai na goma sha bakwai.

Gaishe-gaishe ne.
Mai gabatarwa na jan sunaye kamar carbi,
Nafaɗa, Dukku, Kwami, wani tela a Kumo
na gaida duk wanda ya san shi.
Ban san kowa ba. Na kai hannu zan wuce.

Baffa ya riƙe min yatsa.
"Ba shi za ki ji ba. Ji bayansa."

Na kasa kunne.
Can ƙarƙashin muryar, ƙasa-ƙasa,
turmi.
Bugu biyu, tsit, bugu biyu.
Zakara da bai san lokaci ba.
Jirgin ƙasa ya yi kuka ta wajen tasha,
jirgin da yau ciyawa ta gaje hanyarsa.
Wata yarinya na rigimar ƙanzo.

Sai wata murya, ba ta gidan rediyo ba:
"Fattu, yi shiru mana,
babanku na ɗaukar mutanensa."

Dudu ce.
Shekara talatin da ɗaya rabon ɗakin nan da muryar.
Na manta tana da 'yar shaƙewa.
Na manta yadda take cin rabin sunana.
Hotonta ɗaya gare mu, shi ma ruwa ya taɓa,
ashe ita tana nan a naɗe,
a bayan tela na Kumo.

Ranar, in ji Baffa, ya yi faɗa.
Ya ce mun ɓata masa kaset sabo fil,
na naira ɗaya da sule biyar.
Har ya so ya shafe, ya ɗora wani a kai,
batir ne ya ƙi.

Yanzu kunnensa na dama ya yi ritaya.
Ya juyo na hagu, ya manna da rikoda,
hularsa ta zame, bai gyara ba.
Waje, motar siminti daga Ashaka
ta girgiza tagar ta wuce.

"Mayar baya," ya ce.
Na mayar.
Mai gabatarwa ya sake gaida Dukku da Kwami,
muka bar shi ya gama, don ladabi,
muna jiran mai turmi ta tsawata min.